Na Miƙa Fasfona da Hannu Biyu

Bai ba ni ruwa ba. Wannan ne abu na farko da ya taɓa mini zuciya, ko da yake a lokacin ban san sunan abin da nake ji ba. Na fito daga filin jirgin saman Tunis da 'yar jakata, maƙogwarona a bushe, kunnuwana ba su daina ƙugi ba, sai ga wani mutum riƙe da kwali an rubuta Barira a kai. Shi ne Misiye Karim, wanda muka yi watanni muna magana ta salula. Na rusuna na gaishe shi. Bai tambaye ni gajiya ba, bai tambayi mutanen gida ba. Ya dubi takalmina, ya dubi hijabina, ya miƙo hannu ya ce, "Fasfo."

Ban yi gardama ba. Da hannu biyu na miƙa masa, na haɗa da salulata, har ina jin na yi abin kirki. Mahaifina falke ne, tun yana saurayi yake kora dabbobi daga Korgom zuwa kasuwannin bakin iyaka. Duk garin da ya isa, gidan fatomansa yake sauka, wato mai masaukin fatake, ya kwance lalitarsa ya ba shi ajiya sai ranar komawa, kuma ko allura ba ta taɓa ɓace masa ba. Da zai sallame ni ya ce, "Baƙo ko da ido makaho ne, ɗiyata. In kin isa ki ba mai masaukinki amanarki, shi ya san ɓarayin garinsu."

Misiye Karim ya zura fasfon cikin aljihun kwat ɗinsa, ya faɗa wa direba wata magana da Larabci, suka yi dariya. Na shiga bayan mota. Ƙofofin suka yi ƙas gaba ɗaya. Har yau in na ji irin wannan ƙara, ko ta kwaɗo ce a ƙofar shago, sai in waiwaya neman hanyar fita.

Hoto ne ya kai ni can. Ina ajin ƙarshe a lise ta Tasawa, wato babbar sakandare, yayana ya bar mini tsohuwar salularsa, na shiga ɗaukar duk abin da na gani. Amma a Korgom matar aure ba ta yarda a ɗauki fuskarta. Kina ɗaga waya za ta ja mayafi ta juya baya tana dariya, ta ce, "Ke Barira, so kike a gan ni a Makka ban je ba?" Ni ma ba na iya tsayawa ƙiƙam a gaban babba in ɗora masa na'ura a ido. Sai na riƙa durƙusawa kamar mai gaisuwa ina ɗaukar hannuwa. Hannun Inna a kan igiyar guga. Hannun Gwaggo Dije cikin garin hatsi. Hannun Bafulatanar da ke kawo mana nono, da zobenta na azurfa a bakin ƙwarya. Malaminmu Mushe Idi, don Mushe muke kiran malamin boko, shi ne ya fara ce mini akwai mutane a duniya da wannan ne aikinsu, ana rataye hotunansu a bango, jama'a su zo su tsaya shiru suna kallo. Ya nuna mini kaɗan a wayarsa kafin caji ya ƙare, ya taimake ni na sa nawa a intanet. Ta nan Misiye Karim ya same ni. Ya ce akwai atiliye na wata guda, horo ga 'yan matan Afirka masu ɗaukar hoto, za mu zauna da masu zane da masu hoto daga ko'ina a duniya. Ya ce in turo masa duk hotunana. Na tura.

Masaukina na farko wani gidan sama ne a bayan gari. 'Yan mata ne zube a kan katifu, yawancinsu 'yan ƙasar Kwaddebuwa, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Na tambayi ta kusa da ni, da faransancina na makaranta, yaushe za a fara atiliye. Sunanta Awa. Ta dube ni ta yi wata dariya da ba ta kai ido ba, ta ce ita makarantar gyaran gashi aka ce mata. Wata daga can ta ce ita otel. Na ce a raina wataƙila su ne suka faɗa hannun mugu, ni nawa daban ne, ai na ga takardar gayyata har da tambari. Sanyin garin ba irin namu ba ne, mai laima ne, yana shiga ƙashi ya zauna. Awa ta cire rigar sanyinta ta ulu, ja, gwiwar hannun ta huje, ta jefa mini. Ta ce kar in yi kuka a gaban Misiye Karim. Ta kuma ce in an kai ni gidan aiki in daure in zauna, don wadda aka ɗauke daga gida na farko zuwa na biyu ba a ƙara jin labarinta.

Da ya dawo ya ce an ɗaga atiliye, baƙin ba su samu biza ba tukuna. Kafin nan zan taimaka wa wasu mutanen kirki a garin Safakis, don kada in zauna a banza. Na tambayi salulata, in gaya wa Inna na sauka lafiya. Ya ce ya riga ya gaya musu.

Hanyar Safakis doguwa ce, itatuwan zaitun a jere hagu da dama kamar an ja musu zare. A wajenmu gawo da kalgo inda Allah ya ajiye su nan suke tsayawa. Na yi ta kallon layukan nan har idona ya gaji, ban ga rumbu ko ɗaya ba, ban ga amalanke ba, ban ga mace da tulu ba.

Gidan na Madam Najat ne, mace fara mai yawan ciwon kai. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, makullin yana rataye a wuyanta. Ba ta taɓa duka na ba, wannan zan faɗa. Sai dai ranar farko ta ce mini a ƙasar nan baƙar fata marar takarda in ta leƙa titi 'yan sanda ne za su kwashe ta, don haka kulle ƙofar gata ne take yi mini. Shara, wanki, goge-goge, wanke kifi. Ina kwana a wani lungu kusa da madafa. Abincinsu ba laifi, amma na yi ta mafarkin fura, irin wadda Inna ke damawa da tsakar rana ta ce in sha kafin ƙudaje su riga ni. Sai da na kai ina gaida kyanwar gidan da Hausa, ina kwana, ina gajiya, in amsa wa kaina, don ina tsoron kada bakina ya manta.

Babban aikina shi ne Hajja, mahaifiyar Madam. Tsohuwa ce da ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace, hannun hagu ya mutu. Magana ba ta fita sosai, kuma ko ta fita Larabci ne. Ni ke mata wanka, in ba ta abinci, in juya ta, in durƙusa in shafa mata mai a ƙafa. Ɗakinta cike yake da littattafai tun daga ƙasa har sama, na ɗanta ne da ya rasu, malamin zane. An ce in riƙa kakkaɓe su, ba a ce in buɗe ba.

Wata rana ɗaya ya suɓuce mini ya faɗi a buɗe. Hoto ne ya cika shafi: ƙafafun wasu manoma cikin baƙar ƙasa, dugadugan sun tsattsage kamar na Baba. A ƙasa an rubuta da faransanci cewa wata mata ce ta ɗauka a ƙasar Peru. Na tsaya da tsumma a kafaɗa na manta inda nake. Sai na ji Hajja tana bugun gado da hannunta mai rai. Na zabura na rufe, ina ba ta haƙuri. Ta ƙara bugawa. Ashe cewa take in kawo.

Daga ranar, in la'asar ta yi Madam ta kwanta da ciwon kanta, sai in ɗauko littafi in ɗora wa Hajja a cinya. Ni ke riƙewa, ita ke juya shafi. A nan na ga wani mutumin Japan da ba ya ɗaukar komai sai kwanonin da aka gama cin abinci a ciki. Na ga wata 'yar Indiya da ke zane da jar ƙasar garinsu, irin wadda muke yaɓe da ita. Na ga wani da ya bi ƙauyukan Iran yana ɗaukar ƙofofin gidajen da masu su suka tafi ba su dawo ba. A kan wannan Hajja ta daɗe, hawaye yana bin gefen bakinta da ya karkace, na share mata. Wasu zanen ban gane su ba sam, launi ne kawai aka watsa, in dube ta, ta ɗaga kafaɗa ɗaya, mu wuce. Da muka zo kan wani mai hoto ɗan Mali, na ga mata a bakin rijiya da zannuwa irin namu, ban san lokacin da na kai hancina jikin takardar ba. Warin takarda kawai na ji.

Wato atiliyen da aka yi mini alkawari ke nan, a ɗakin marar lafiya, ni da tsohuwar da ba mu jin harshen juna. Na san mutanen nan suna raye a wani wuri, suna tashi da safe su ɗauki kyamara su fita. Sanin haka wani lokaci yana rage mini kewa, wani lokaci ya ninka ta. Duk da haka ban daina jiran Misiye Karim ba. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, ina cewa baƙin ne ba su samu biza ba. A gidanmu ba a zargin mai masauki. In na zarge shi, kamar na ce Baba bai san duniya ba ne.

Lokacin tsinkar zaitun sai ga Salma, jikar Hajja, ɗiyar marigayin. Tana karatun zane a Tunis. Wando, gajeren gashi, kyamara a wuya. Tana so ta ɗauki kakarta hoto, amma duk lokacin da ta ɗaga kyamarar sai Hajja ta ja gyale ta rufe fuska. Salma ta yi lallashi, ta yi wasa, ta yi fushi. Ina durƙushe ina shafa mai, na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Madmazel, ba ta son a ga bakinta ne. Ki ɗauki hannunta."

Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Ta gwada daga tsaye, ta duba, ta yamutsa fuska. Na ce mata daga sama hannun tsoho kamar kayan da aka yar yake fitowa, sai an durƙusa. Ta yi 'yar dariya, ta cire kyamarar ta rataya mini, ta ce to in nuna mata.

Nauyinta ya ba ni tsoro, ban taɓa riƙe ta gaske ba. Ta nuna mini inda ake dannawa. Na koma inda na saba durƙusawa. Hajja ta saki gyalen, don ni ce, kuma ta san ba fuskarta nake nema ba. Hannunta mai rai yana riƙe da mataccen, yana shafa shi a hankali kamar uwa da ɗan da ya yi barci. Hasken taga ya kwanta a kan jijiyoyin. Na danna.

Salma ta daɗe tana kallon hoton. Bayan an jima ta same ni a madafa ta tambaye ni inda na koya. Na ba ta labarin Korgom da matan da ke juya baya, da Mushe Idi, da atiliyen da nake jira. Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Ina fasfonki?"

"Yana wurin mai masaukina. Ajiya na ba shi."

"Ajiya? Ƙwace miki ya yi."

"A'a, ni na miƙa masa. Haka ake yi a wajenmu."

Ta ciro wayarta ta nemi sunan atiliyen. Babu shi a ko'ina. Ta nemi sunan Misiye Karim, sai ga shafinsa, ta juyo mini da wayar. Hannun Inna ne a kan igiyar guga, da tabon ƙunar da ta samu a babban yatsa tun ina goye. A ƙasa an rubuta cewa wannan aikin ɗaya daga cikin ɗalibanmu ne da ta yi nasara, 'yan matan Afirka ku turo naku. Ga hannun Gwaggo Dije, ga zoben Bafulatana. A ƙarƙashinsu 'yan mata suna ta tambayar yadda ake shiga.

Da hannun uwata ake kiran 'ya'yan mutane. A nan ne jirana ya ƙare. Na zauna a ƙasan madafa.

Salma mai zafin zuciya ce, kuma zafin ya kusa hallaka ni. Ta tafi kai tsaye ta tari gwaggonta, na ji muryoyinsu har cikin lunguna. Madam ta rantse ita ba ta san komai ba, 'yar aiki ta nema aka kawo mata. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Amma da yamma ta kira Misiye Karim. Ta zo ta tsaya a bakin madafa ba ta dube ni ba, ta ce ba ta son fitina a gidanta, in haɗa kayana, gobe da azahar zai zo ya kai ni wani gida. Maganar Awa ta faɗo mini. Salma ta ce za ta kira 'yan sanda, na kama ƙafarta ina roƙonta kada ta yi, don su ne abin da aka fi tsorata ni da shi.

Da safe na kai wa Hajja madararta, ta kawar da kai. Na durƙusa in shafa mata mai, sai ta cafke wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinta ba. Ta fara nishi, tana juya ido, tana wani gurnani da ban taɓa ji ba. Madam ta shigo a guje, ta rikice, ta ce Salma ta fito da mota a kai ta likita. Aka zo ɗaukarta, ta ƙi sakina. Madam ta yi ƙoƙarin ɓanɓare yatsun, Hajja ta ƙwalla ƙara. Salma ta ce in dai ana so a kai ta da rai, to a bar yarinyar ta riƙe ta. Madam ta dubi agogo, ta dube ni, ta cire makullin daga wuyanta. Ta ce ita za ta tsaya jiran baƙo, mu dawo kafin azahar.

Muna shan kwanar farko nishin ya tsaya. Hajja ta gyara zama, ta saki hannuna yatsa bayan yatsa, ta bar mini shaidar farcenta. Salma ta dube ta ta madubi, ta faɗi wata magana da Larabci tana dariya tana share ido. Sai ƙofofin motar suka yi ƙas da kansu, na daka tsalle har kaina ya bugi rufi. Salma ta danna wani abu suka buɗe. Ta ce in riƙe mariƙin ƙofar in ina so. Na riƙe shi har muka isa.

Wani ƙaramin buro ne, wato ofis, mai shuɗiyar ƙofa, na masu taimakon baƙin da aka yaudara. Tun daren jiya Salma ta yi magana da su. Na fito na zagaya wajen Hajja na durƙusa a bakin mota. Ba ni da Larabcin da zan gode mata, sai na yi mata addu'a da Hausa, Allah ya ba ta lafiya, Allah ya sa ta gama da duniya lafiya. Ta ɗora hannunta a kaina ta ce amin. Daga ni sai jar rigar Awa. Ban ƙara ganinta ba, hoton hannunta ma sau ɗaya na gan shi, a bayan kyamara.

Aka zaunar da ni a wani ɗaki mai kujeru, Salma ta shiga ciki da wata mata. Duk motar da ta tsaya a waje sai in ce shi ne. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ce 'yan sanda ake kira. Na auna nisan ƙofa, na ga ko na gudu ban san gabas ba a garin nan.

Sai wata mata baƙa ta shigo, da ɗaurin kallabi irin na gida, riƙe da kofi. Ba ta tambaye ni suna ba. Ta miƙo mini ta ce, "Sha ruwa tukuna."

Hausa. Na karɓa da sauri, rabin ruwan ya zube a rigata. Ta jira na shanye, ta jawo kujera, sannan ta fara daga farko kamar a zauren gidanmu muke. Sannu da hanya. Ina gajiya. Yaya baƙunta. Ina mutanen gida. Ina amsawa lahiya lau, lahiya lau. Ta ce sunanta Zainabu, 'yar Kanan-Bakashe ce, can wajenmu, karatun aikin jinya ya kawo ta, tana taimaka musu da fassara. Da na ce Korgom, ta riƙe haɓa.

"Korgom? Ku da amalanke ma sai an riƙe ku, wa ya aike ki shiga jirgi?"

Na yi dariya ina kuka. Na ba ta labari duka, har da fatoman Baba da ajiyar da na bayar da hannu biyu. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce tsohonta ma haka zai ce, kuma ba ƙarya suka yi ba, a inda suka sani. Na ce to fasfona fa, ta ce za a yi mini takardar komawa gida ko babu shi. Na ce hotunan Inna, ta ce matar da ke ciki lauya ce, yanzu haka shafin nasa suke dubawa ita da Salma, kuma za a nemi gidan saman da su Awa suke.

"Anti, in ya zo nan fa?"

"Ko dokin ƙofar nan bai isa ya taka ba. Daga yau shi ne mai ɓuya, ba ke ba."

"Mi zan ce ma Baba?"

Ta ciro salularta ta ɗora mini a cinya, ta rufe hannuna a kai da nata.

"Ki ce mishi kin samu masauki. Sauran ya jira sai kin je. Kin tsira, Barira, ba mai sake ɗaukar ki zuwa ko'ina."

Daga wani masallaci a bayan buron aka ɗaga kiran sallar azahar. Na saurara har ya ƙare, ina zaune, ba wanda ya zo. Sannan na tambaye ta inda zan yi alwala.